'Yar kafar da ke kashe giyar mota a hanyar Birnin Gwari

Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, bayan ta shafe shekaru a rufe saboda ta'asar 'yan bindiga, zirga-zirga ta ƙaru a hanyar da ta taso daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa, da kuma wadda ta nufi Funtuwa. Akasarin motocin hanyar sun sha jiki: Golf da Sharon na haya, J5 masu jigilar masara, da ragowar Peugeot 504 irin waɗanda a da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Direba zai duba baƙin mai da ruwan lagireto kowace safiya, amma da wuya ya tuna cewa a saman akwatin giya akwai wata 'yar kafa da iska ke fita da shiga. Toshewar wannan kafa na daga cikin abubuwan da ke sa giya yoyon mai, kuma a gefen dajin Kamuku lalacewar mota ta wuce asarar kuɗi, tana iya zama maganar rai.

Idan mota ta ɗauki nauyi tana fama da ramuka a ƙaramar giya, man giya yakan yi zafi, iskar da ke cikin akwatin ta kumbura ta nemi mafita. In kafar a buɗe take sai iskar ta fice salin-alin. In ƙurar hunturu ta haɗu da maiƙo ta liƙe ta, ko lakar damina ta bushe a kanta, sai iskar ta tura mai ta sil. Daga nan ake ganin jiƙa a inda shaf ke fitowa, da ɗigo a ƙasa inda motar ta kwana. Mai na raguwa, boris da haƙoran giya na cin juna, kuka ya fara, giya ta riƙa tauri ko tana fita da kanta. Damina kuma da nata sharrin: akwati mai zafi in ya afka cikin ruwan da ya cika rami, iskar ciki takan tsuke nan take ta zuƙo ruwa. Man da ruwa ya shiga yakan yi fari-fari kamar koko, ba ya kuma kare ƙarfe.

Wani zai ce ai sil ne ya tsufa, a canja shi magana ta ƙare. Gaskiya ne sil na tsufa, musamman a motar da ta haura shekara ashirin. Amma in an sa sabo ya sake yoyo cikin 'yan makonni, akwai abin da ke tura man daga ciki, kuma ko sau nawa aka canja haka za a yi ta biyan kuɗin aiki. Wani kuma dabararsa ya cika mai fiye da ƙima don ya kai shi gida. Wannan ƙara wa ciwo gishiri ne, domin man da ya wuce bakin ramin awonsa kumfa yake yi, zafi ya ƙaru, ya riƙa fesowa ta kafar, ƙura ta sami abin mannewa. Masu toshe kafar da gangan don gudun ruwa su ma sun kauce: sun hana ruwa hanya guda, sun buɗe masa ta sil. In yoyo ya ƙi jin magani, kafar iska ake fara dubawa.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Duk lokacin da za a yi juye, direba ya ce wa bakanike ya nemo kafar, ya wanke ta, ya tabbatar iska na wucewa, ya kuma duba ta aksil a motocin da ke ja da ƙafar baya. Mai bin hanyoyin ƙauye da damina ya sa a ɗaura mata siririn tiyo a ɗaga shi sama cikin bonet, bakinsa na kallon ƙasa. Wanda ya ratsa ruwa mai zurfi ya sa a kwance noti a ga launin man kafin ya sake lodi, in ya yi fari a zubar. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Kaduna da Birnin Gwari su ma suna da rawar takawa: motar da ake ganin ɗigon mai a ƙarƙashinta, a dakatar da lodinta har bakanike ya duba, domin fasinja ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin akwatin giya.