Kawar da Tsayayyar Wuta a Na'urar Karɓar Saƙo ta Juyi Kai-tsaye

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana wata matsala da ta daɗe tana addabar na'urar karɓar saƙon iska mai juyi kai-tsaye, da hanyoyin magance ta. Tun 1924 F. M. Colebrook ya bayyana wannan tsari a Ingila, amma bai yaɗu ba sai da aka buƙaci wayar salula ƙarama mai araha.

A wannan na'ura, ana sa osiletar ciki ta yi kaɗawa daidai da ta igiyar da ake son kamawa. Idan magauraya ta haɗa su biyun, sai saƙo ya sauko kan sifili. To, a nan gizo ke saƙa. Kaɗawar osileta takan yoyo ta koma wajen eriya, ta sake shiga magauraya, ta gauraya da kanta. Abin da wannan ke haifarwa shi ne ƙarfin lantarki wanda ba ya motsi, wato tsayayyar wuta. Saƙo kan zo da 'yan maikurobolt, ita kuwa takan kai milibolt. Da amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi sai ta cika ta toshe, na'ura ta kurmance.

Hanya ta farko ita ce a sa kafasita bayan magauraya, domin ba ta barin tsayayyar wuta ta wuce. Sai dai takan yanke har da sashen saƙon da ke dab da sifili. Saboda haka ne tsarin Wi-Fi na 802.11a, na 1999, ya bar tsakiyar tasharsa babu saƙo.

Tashar GSM kuwa faɗinta kilohaz 200 ne kacal, ƙarfin saƙonta kuma a tsakiya ya taru. Amma an raba lokacinta gida 8, kowane gida kimanin maikurosakan 577. Ana iya auna tsayayyar wutar lokacin da waya ba ta sauraro, a adana adadin, a cire shi idan saƙo ya iso.

Hanya ta uku rigakafi ce: a sa osileta ta yi ninkin kaɗawar da ake so, a raba ta biyu dab da magauraya, yoyon ya ragu.

Daga ƙarshe, muna ganin babu magani ɗaya tilo. Wajibi ne mai ƙira ya fara duba siffar saƙon da zai karɓa kafin ya zaɓi hanya.