Cacar Ƙwallo Ta Iso Icirnawa, Iyaye Ku Farka

Akwai wata gardama da ta kama fadojin samari tun daga Damagaram har Matamaye, ta gangaro ƙauyuka irin su Icirnawa, kuma bai kamata babba ya ji ta ya wuce ba. Wani ya ce in zai buga cacar ƙwallo jikinsa ne ke ba shi, da ya dubi sunan ƙungiyoyin biyu zuciyarsa ta nuna masa mai ci. Wani ya ce wannan shirme ne, abu ne na sani: wa ya ji rauni, wa aka ba jan kati, wa ke gida, wa ke waje. Shayi na kan wuta, kowa da waya a hannu, ana ta musu. Su biyun duk asara suke tafkawa, kuma mai taƙama da sani ya fi ba ni tsoro.

A da, mai son caca sai ya shiga gari ya tsaya gaban rumfar LONANI yana cika takardar tseren dawakin Faransa, idon jama'a a kansa, ko ya laɓe a kango wurin 'yan karta. Kunya kaɗai ta tsare mutane da yawa. Yau yaro na kwance a ɗakin uwarsa yake zuba kuɗi kan wasan da ake yi a Ingila, ana tsammanin hira yake da abokai. Ga iyaka a kusa, ta Ɗan Barto ake shiga Daura, masu ci-rani na kai da komo, ɗabi'ar birni na biyo su gida.

Maganar "jikina ya ba ni" ba ta da tsawo. Ɗan caca yana riƙe ranar da ya ci, ya manta ranakun da aka cinye shi. Ka tambaye shi nawa ya taɓa ci, zai faɗa maka har da sunan wanda ya jefa ƙwallon. Ka tambaye shi nawa ya zuba tun daga girbi zuwa yau, sai ya sunkuyar da kai.

Mai sani shi ne abin tausayi, don yana ganin aiki yake yi. Ɗana, duk abin da ka sani game da Barcelona ko Arsenal, kamfanin cacar ya riga ka saninsa. Yana da ma'aikata da kwamfutoci da ba su da wani aiki sai wannan lissafi, kuma sun gama shi kafin su rubuta ninkin da kake gani a waya. Dubi yadda suke yi. A ce abu biyu ne, kowanne na iya faruwa daidai wa daida. Adalci shi ne a ninka wa mai ci kuɗinsa sau 2, amma sai su rubuta 1.90. Kai ka sa jika guda a wannan gefe, abokinka ya sa jika guda a wancan. Sefa 2,000 sun shiga, 1,900 za su fita, dala ashirin ta zauna wurin kamfani ko wa ya ci. Wannan yankan yana kan kowane wasa, kowace rana.

Sai kuma haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya, wanda samari suka fi so saboda da 'yan canji ana hango miliyan. A ce kai gwani ne na gaske, cikin kowane wasa goma kana dacewa da bakwai. In ka jera wasa 10 a tikiti guda, damar su shiga duka ba ta kai 3 cikin 100 ba. Daga nan ake samun kukan da ake ji kowane daren Lahadi: "Wallahi saura ɗaya!" Wannan saura ɗayan ita ke mayar da mutum gobe da zafin rama abin da ya rasa, har ya kai ga wasannin kwamfuta da ake gamawa cikin 'yan mintoci, inda babu ɗan wasa balle a yi zancen sani.

Ƙwallo kuma ba ta jin maganar masana. A 2022 a Katar, Ajantina ta zo da wasa 36 ba a doke ta ba, ga Messi a fili, Saudiyya ta lallasa ta 2 da 1. A 2016 Leicester ta ɗauki kofin Firimiya bayan kamfanonin caca sun sa mata ninki 5,000. 'Yan ƙalilan da ke yawan ci kuwa, sananne ne a Turai cewa kamfanoni kan taƙaita musu abin da za su iya zubawa. Masu tallar "tabbataccen wasa" a WhatsApp da Telegram mayaudara ne. Wanda ya san sakamakon gobe ba zai sayar maka da shi a kan jika biyu ba.

Kuɗin da ake zubawa ba daga sama suke faɗowa ba. Tiyar gero ce aka ɗiba daga rumbu da dare, kuɗin rake ne na lambu, cinikin kabu-kabu ne da ya kamata a kai wa mai babur, aike ne daga ɗan uwa da ke Libiya ko Aljeriya. Yankin nan na Kance, wanda ya yi makoki a Oktoban 2013 lokacin da ƙishirwa ta kashe mutum 92 a hamada, galibinsu mata da yara, da yawansu 'ya'yansa, ya san da irin wahalar da kuɗi ke shigowa gida. Daga ɗibar gero sai bashi, daga bashi sai ƙarya, sai ɗauke-ɗauke. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka. Hukuncin addini kuwa a bayyane yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, kuma sanin ƙwallo bai halatta wa kowa ita ba.

A Kano, Hisbah ta rufe shagunan caca 30 a Oktoban 2024, wata guda bayan haka Kotun Ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, iko ya koma hannun jihohi. Ana iya sa wa shago kwaɗo. Wayar da ke aljihun yaro kuwa sai gida.

Don haka, malam, ka ambace ta da sunanta a huɗubar Juma'a. Mai gari, ka kira shugabannin fadoji ka yi musu magana. Uba, in ka ga ɗanka ya fita hayyacinsa saboda wasan ƙungiyar da bai taɓa goyon bayanta ba, ka zaunar da shi ka tambaye shi, ba da duka ba. Kai kuma saurayi, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ka zuba da duk abin da ka ci a wata uku da suka wuce, ka nuna wa wani babba da kake jin nauyinsa, sannan ka goge manhajar nan daga wayarka tun yau.