Bayanin Kayan Aiki: Ɗan Rubutun da Wakilan AI Ke Dogaro da Shi

A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya ba manhajojinsa damar kiran wasu manhajojin su yi musu aiki, kamar duba hasashen yanayi, lalubo fayil ko tura saƙo. Wannan ya share fage ga abin da ake kira wakilin AI, wato manhajar da ba ta tsayawa a hira kawai, har aike take zuwa. Sai dai wakilin ba ya ganin cikin kayan aikin da aka miƙa masa. Abu uku ne a gabansa: sunan kayan, 'yan layukan da ke faɗin amfaninsa, da guraben da zai cike a tsarin JSON. Da su kaɗai yake yanke shawarar wanda zai ɗauka da abin da zai zuba masa.

Wannan ɗan bayani, da masu rubuta manhaja suka saba bari sai sun gama komai su rubuta shi a gurguje, yanzu shi ake zama ana aunawa. Yawan kayan ne ya jawo haka. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da MCP, ƙa'ida guda ta haɗa wakili da kowane irin kayan aiki. OpenAI ya karɓe ta a Maris na 2025, Google ya bi sahu, kafin a ankara kowa na sakin nasa kayan a intanet. Da yawansu an kwafo bayaninsu ne daga takardun da aka rubuta wa mutum, shi kuwa mutum in bai gane ba yana da abokin aikin da zai tambaya. Wakili sai dai ya cinka.

A duba gurbin da aka rubuta masa "kwanan wata" kawai. Wakili ya cike 03/04/2025. A Najeriya 3 ga Afrilu ke nan, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa, aiki zai tafi lafiya lau, sai dai an kama wa mutum ɗakin otal a watan da ba shi ba. Irin wannan kuskure ya fi wanda ke tsayar da manhaja cak haɗari, don ba a gane shi sai aikin gama ya gama.

Anthropic ya bayyana a Disamban 2024 cewa lokacin da yake shirya wakilinsa don gwajin gyaran manhaja na SWE-bench, gyaran kayan aiki ya ci masa lokaci fiye da gyaran babban umarni. Wakilin yakan ɓata hanyar fayil da zarar ya sauya babban fayil ɗin da yake ciki. Da aka tilasta a riƙa rubuta cikakkiyar hanyar tun daga tushe, kuskuren ya kau. A nan ba ƙarin kalmomi ne magani ba, kayan aka sake wa fasali. Tsawaita bayani ma yana da nasa kuɗin, domin galibi duk bayanan ana loda su ne cikin abin da wakili zai karanta a kowane zagaye, suna cin wuri suna ƙara kuɗin amfani. Shi ya sa OpenAI ke ba da shawarar kada a tara wa wakili kaya da yawa lokaci guda.

Akwai kuma batun tsaro. A Afrilun 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs suka nuna wani kayan aiki na tara lambobi biyu, wanda aka ɓoye umarni a bayaninsa cewa wakili ya karanto makullan sirri na mai kwamfuta ya haɗa da su. Mai kwamfutar taƙaitaccen suna kawai yake gani, wakili kuwa yana karanta komai kuma yana iya bi.

To da me za a auna ingancin? Hanya mai araha ita ce a sa mutum ko wata manhajar ta karanta ta ba da maki: an faɗi amfaninsa, an faɗi inda ba a amfani da shi, an fayyace guraben? Tana kama sakaci, amma a ganina ba ta wuce tankaɗen farko ba, don bayani na iya yin daɗin karatu wakili ya ci gaba da tuntuɓe a kansa. Gwajin da Jami'ar Berkeley ta fara a 2024 yana auna ƙwarewar manhajoji wajen kiran kaya, bayanan kuwa suna nan yadda suke. Mai ƙera kaya akasin haka yake buƙata: ya riƙe manhaja ɗaya, ya ba ta ayyuka na gaske, ya sauya bayanin, ya ƙirga sau nawa ta ɗauki kayan da ya dace, sau nawa ta cike gurbi daidai. Kuma sakamakon na wannan manhajar ne kaɗai. Ranar da aka sauya ta, ko mai kayan ya taɓa bayanin bayan an amince da shi, sai an sake gwajin daga farko.