Fitilar mota da tafiyar dare: a gyara kafin a ƙara



A yawancin ƙauyukanmu, motar nan mai buɗaɗɗen baya da muke kira bashe, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce wa a-kori-kura, ita ce jakin zamani. Ita ke kwashe albasar Galmi da Madawa, da ayar Maraɗi, da wake da gujiyar Damagaram zuwa kasuwa. Ita ce kuma, idan dare ya raba mace ta kasa haihuwa, ko maciji ya sari yaro, ake shimfiɗa tabarma a bayanta a nufi gidan likita. Yawancin wannan zirga-zirga da duhu ake yin ta, domin kasuwa ba ta watsewa sai magariba, ciwo kuma ba ya jiran gari ya waye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara. Idan aka auna da yawan jama'a, a nahiyarmu ta Afirka abin ya fi muni. Don haka zancen fitilar mota zancen lafiya ne, ba na bakanike kaɗai ba.

Abin da muka gani da idonmu

A wani hunturu mun taso daga wata kasuwar ƙauye bayan sallar lisha, muna zaune a gaban wata tsohuwar bashe da aka danƙara wa buhunan wake. Direban yana ta alfahari da sababbin ƙwayayen fitila da ya sayo, masu wat 100. Haske kam akwai shi, amma a kan rassan gawo yake sauka. Hanyar da ke gabanmu ta zauna cikin duhu. Duk motar da ta tunkaro mu sai ta riƙa ƙyafta mana wuta, shi kuwa yana cewa hassada ce.

Can sai karen motar ya buga rufi da ƙarfi yana ihu: "Maigida, birki! Amalanke!" Kafin mu tsaya, hancin motar ya kusa taɓa ƙafar amalanken jaki. Wani dattijo ne a kai da jikokinsa biyu, suna komawa gida da kara. Allah ya kiyaye. Da jiki ya daina rawa, direban ya ce: "Baba, ka yi mani gafara, wallahi ban gan ka ba." Dattijon ya amsa: "Ni ma, yaro, wutarka ta hana ni ganin gefen da zan kauce."

Wannan direba ya kashe kuɗinsa, amma bai sayi gani ba. Ga dalili.

Matakin farko: tsabta

Fitilar mota kashi uku ce: ƙwai, wanda direbobi ke kira ampul; kwano mai ƙyalli da ke bayan ƙwan, wanda ke tattara haske ya tura shi gaba; sai gilashin gaba. Idan ɗaya ya lalace, ƙarfin sauran biyun ba ya amfani.

Tsofaffin motoci irin Peugeot 404 da 504 gilashin gaske gare su. Shi wannan ruwa da sabulu sun ishe shi, sai fa in ya tsage. Sababbin motoci kuwa, irin Toyota Hilux na shekarun baya-bayan nan, gilashinsu na roba ne. Zafin ranarmu da rairayin da iska ke watsa masa suna mayar da shi ruwan ɗorawa, ya dushe kamar idon da ya yi yana. Ana iya goge shi da takardar yashi mai laushi ƙwarai da ruwa, a bi da man goge fenti, sa'an nan a shafa abin da ke kare shi daga rana. Idan ba a shafa ba, zai sake dushewa cikin ƴan watanni.

A leƙa kwanon ciki. Idan ƙura ko ruwa sun shiga, ƙyallinsa ya koɗe ko ya yi tsatsa, babu ƙwan da zai gyara shi, sai a sake fitilar ɗungurungum. Kada a goge kwanon da tsumma, domin ƙyallin siriri ne, yana bin hannu. A tabbata kuma robar da ke rufe bayan fitila tana nan, ita ke hana ƙura shiga.

Mataki na biyu: wutar da ke isa ga ƙwai

Sau da yawa laifin ba na ƙwai ba ne, yunwa yake ji. Idan inji yana aiki, ya kamata a sami volt 13 da rabi zuwa 14 da rabi a bakin batir. Amma kafin wutar ta bi tsofaffin wayoyi, ta ratsa makunni, ta isa fitila, wani kashi ya zube a hanya, kamar ruwan da ke bin tsagaggen lambatu a garka. Ƙwan halojen ba ya jure wannan rashi: idan ƙarfin wuta ya ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yana raguwa da kusan kashi 30.

Mai gyaran wutar mota yana da ma'auni. A ce ya gwada a bakin batir, ya kuma gwada a bakin ƙwai, fitila tana kunne. Idan bambancin ya kai volt guda, akwai aiki. A kankare tsatsar bakin wayoyi, a ɗaure wayar da ke komawa jikin mota, wadda ake kira mas, a kan ƙarfe mai tsabta. Idan wayoyin sun tsufa, a sa rele. Rele ɗan ƙaramin makunni ne da ke ɗauko wuta kai tsaye daga batir ta waya mai kauri, ya kai wa fitila. Tilas a sa masa fis kusa da batir. Wanda ya maye gurbin fis da guntun waya ko takardar kwalin taba yana neman gobara ne.

Wannan gyara kaɗai yakan mayar wa tsohuwar fitila ƙuruciyarta, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Mataki na uku: saiti

Fitila tana da wuta biyu: babba da ƙarama, abin da direbobinmu ke kira far da kod. An ƙera ƙaramar wuta ta yadda haskenta zai yanke daga sama, ya duƙa ƙasa kaɗan, don kada ya shiga idon mai tahowa. Girgizar hanyar burji tana kwance wannan saiti a hankali. Kowa na iya gyara shi da dare a ƙofar gida:

1. A sami fili marar gangare a gaban bango. A daidaita iskar tayoyi.

2. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da gawayi a bango daidai wannan tsayi.

3. A ja motar baya har tsakanin fitila da bango ya zama mita 10, a kunna ƙaramar wuta.

4. Inda haske ya yanke ya kamata ya kasance ƙasa da layin da santimita 10 zuwa 15. Idan ba haka ba, a murza kusoshin saiti da ke jikin fitila. A rufe ɗaya da tsumma yayin da ake gyara ɗayar.

Akwai abin da ya shafi bashe musamman. Idan aka lafta mata kaya, baya yana zaunawa, hanci ya ɗaga, haske ya tafi sama. Abin da ya sami direbanmu ke nan. A jera buhuna masu nauyi kusa da kan mota, ba a bakin ƙofar baya ba. Wasu motoci suna da ɗan maɓalli mai lamba 0, 1, 2, 3 kusa da sitiyari: ƙarin kaya, ƙarin lamba, haske ya sunkuya. Motar da ba ta da shi, kuma kullum da kaya take tafiya, a yi mata saiti da kayan a kai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A kula da wani abu kuma. Mu hannun dama muke bi, don haka ƙaramar wutarmu tana ɗan ɗagawa ta dama don ta haska bakin hanya. Motar da aka ƙera domin Japan ko Ingila, inda ake bin hagu, tata ta hagu take ɗagawa, wato cikin idon mai tahowa. Irin wannan fitila saiti ba ya gyara ta, sauya ta ake yi.

Sai a zo ga sayen ƙwai

Ƙwan da ya fi yawa a motocinmu shi ne H4, mai zare biyu: wat 60 na babbar wuta, wat 55 na ƙarama. A sayi irin lambar da aka cire. A sake su biyu tare, domin ƙwai yana dushewa tun kafin ya mutu. Kada a taɓa gilashin halojen da yatsa. Maiƙon hannu yana sa wurin ya ƙone, ƙwan ya mutu da wuri.

Ƙwai mai wat 100 yana jan wuta kusan ninki biyu na mai wat 55. Yana ƙona makunni, ya narke bakin waya, ya koɗar da kwanon fitila, ga gajeren kwana. Ƙwan da aka shafa wa shuɗi kuwa ado ne kawai: shafen tare haske yake yi, ba ƙara shi ba.

Yanzu ƙwan LED ya cika kasuwa. Ba ya cin wuta da yawa, haskensa fari ne tas. Amma an ƙera kwanon tsohuwar fitila ne daidai wurin da zaren halojen yake zaune. Idan tushen hasken LED bai faɗa daidai wannan wuri ba, haske ya watse ko'ina: direba ya ga gaban motarsa ya yi fari ya yi murna, nesa kuwa duhu, mai tahowa ya makance. Wanda zai saya ya gwada shi a bango kafin ya biya. Idan layin yankewa bai fito sarai ba, ya mayar wa mai shi. Wasu kuma suna da ƴar fanka mai sanyaya su, wadda ƙurarmu kan toshe. Abin da ya fi aminci shi ne cikakkiyar fitila da aka ƙera tun asali domin LED, mai alamar E cikin da'ira a jikin gilashinta.

Dogayen fitilun nan da ake ɗaurawa a rufi ko a gaban mota, na daji ne, inda babu kowa. A yi masu makunni nasu dabam, a kashe su da zarar an hau hanyar jama'a.

Gudu daidai gani

Dokar hanya ta Faransa, ƙasar da Peugeot ta fito, ta ce babbar wuta ta haska aƙalla mita 100, ƙarama aƙalla mita 30. A makarantun tuƙi kuma ana koyar da wani lissafi mai sauƙi. A cire sifirin ƙarshe na gudun mota, a riɓanya lambar da kanta, a sami nisan da za a ci kafin a tsaya. Gudun kilomita 50: 5 sau 5, mita 25. Gudun 80: 8 sau 8, mita 64. Gudun 90: mita 81. Wannan a kan busasshiyar kwalta ne, da birki mai kyau. Da lodin wake, a kan burji ko rairayi, nisan ya fi haka.

Ke nan mai gudun 80 da ƙaramar wuta, ko a babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Birnin Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, ya wuce inda idonsa ya kai. Raƙumi, jaki da baƙar saniya ba su da fitila. A lokacin hazo kuma babbar wuta ƙura take haskawa, ta dawo wa direba a ido. Ƙarama ta fi, tare da rage gudu. Ko mai naƙuda aka ɗauko, a tuna sauri ya haifi nawa.

Idon direba ma fitila ne

Wani yakan zargi fitila, alhali idonsa ne ya rage. Mai yanar ido yana ganin kowace wuta ta watse masa. Ciwon suga yana lalata gani a ɓoye. Dundumi, wato rashin gani da zarar rana ta faɗi, yana iya zuwa daga ƙarancin bitamin A, wanda ake samu a hanta, ƙwai, madara, zogale, karas, kabewa da mangwaro. Idan shekaru sun ja, ido yana daɗewa kafin ya dawo daidai bayan wuta ta haske shi. Direban da ya lura da ɗayan waɗannan ya je likitan ido. Yanar ido ana yi mata aiki, mutum ya koma sana'arsa.

A wanke gilashin gaba ciki da waje. Idan mota ta tunkaro, a sauke wuta tun daga nesa, a kai ido bakin hanya ta dama. Idan wani ya ƙi sauke tasa, kada a rama: makafi biyu ke nan za su gamu. A duba jajayen fitilun baya, kada buhu ko tamfol ya rufe su.

Mu ma masu amalanke da makiyaya muna da namu rabon. Guntun leda mai ƙyalli da aka liƙa a bayan amalanke, ko tocila a hannun wanda ke bayan garke, yana sa direba ya hango mu tun da sauran wurin taka birki.

Kaka mai zuwa, kafin a ɗora buhun farko, mai bashe ya ware dare ɗaya: ruwa da sabulu, ma'aunin wuta, gawayi da bango. Idan bayan wannan duka haske bai isa ba, sa'an nan a tafi kasuwa. Ƙungiyoyin manoma da ke ɗaukar hayar mota su ma suna da bakin magana: su ce wa direba ya kunna fitila a gaban bango su gani, kafin su ɗora dukiyarsu da iyalinsu.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.