Cire katalizar: magani ne ko ɓoye cuta?

Yawancin motocin okaziyo da ke shigowa Maraɗi, Damagaram da Yamai suna zuwa da wata ƴar tukunya a jikin bututun hayaƙi, wadda makanikai ke kira katalizar. Tun 1993 dokar Turai ta wajabta ta ga sabbin motoci masu shan isansi. Cikinta kamar saƙar zuma yake, an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatin, waɗanda ke rage dafin hayaƙi. Tsadar nan ke sa wasu su kwaƙule ta su sayar, su ce wa mai mota ƙarfin injinsa zai ƙaru.

Ƙarfi ba ya ƙaruwa sosai sai in dama tukunyar ta toshe. Toshewar kuwa da dalilinta: buji ya mutu, ko inji na ƙona bakin mai. In an cire ta ba a gyara wannan ba, cutar tana nan daram.

Akwai kuma na'urar da ke auna iska cikin hayaƙi, ta sanar da kwamfutar inji yawan isansin da ya kamata ta saki. In aka lalata ta wurin aikin, lissafi ya rikice, mota ta kama shan mai fiye da kima. A motocin bayan 2001, na'ura ta biyu da ke bayan tukunyar takan kunna fitilar gargaɗi a tablo.

Saboda haka, ɗan kasuwa ko ma'aikacin da zai sayi mota, ya sa a duba masa ƙarƙashinta kafin ya ƙirga kuɗi.