Abin da ya kamata ku sani game da auna tabbacin tambayoyin bincike

Tun bayan hare-haren Boko Haram a Diffa da Bosso a Fabrairun 2015, ma'aikatan agaji ke shiga gidaje da sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Forage da takardun tambayoyi kan yunwa, lafiya da karatun yara. Ɗaliban Jami'ar Diffa su ma kan yi wa manoman tattasai na bakin Komadugu tambayoyi. Da irin waɗannan amsoshi ake yanke wa za a ba abinci, don haka wajibi ne a san ko ma'aunin zai ba da sakamako ɗaya idan aka sake awo. Ana nuna wannan tabbaci da lamba: kusa da 1 yana da ƙarfi, kusa da 0 babu shi.

Wace hanya za a zaɓa?

Yanayin tambayar ne ke zaɓa. Jarrabawar da amsarta ko daidai ko kuskure, lissafin KR-20 na Kuder da Richardson na 1937 ya dace da ita. Idan amsa tana da matakai, kamar "ban taɓa ba", "wani lokaci", "kullum", an fi amfani da alfa da Lee Cronbach ya gabatar a 1951. Sai dai alfa na ɗauka cewa duk tambayoyin abu ɗaya suke aunawa, kuma da ƙarfi ɗaya. Inda wasu suka fi wasu nauyi, omega na McDonald ya fi faɗin gaskiya.

Idan shakkar a kan masu aikin take, misali malamai biyu da ke tantance ko yaro ya iya karatu, sai a nemi kappa na Cohen na 1960, wanda ke cire dacewar da ta zo bisa sa'a. Idan ana son sanin ko amsa na sauyawa, a sake tambayar mutanen bayan ɗan lokaci.

Ina ake ruɗuwa?

Da yawa kan tsaya da zarar alfa ya kai 0.70. Amma ƙara yawan tambayoyi masu kama da juna kaɗai kan ɗaga shi. Sannan tabbaci mai ƙarfi ba ya nufin awon daidai ne: tiyar da ta lotse kullum awo ɗaya take bayarwa, kuma kullum a tauye. A Diffa, inda ake rubuta tambaya da Faransanci a yi ta da Barbarci, Hausa ko Fillanci, a lissafa tabbacin kowane harshe daban. Idan na ɗaya ya faɗi ƙasa, a gyara tambayar kafin a hana wani gida rabonsa.