Laburaren sakandare: taskokin intanet da ke aiki ko babu sabis

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, a 2024 kuma WAEC ta fara yin haka ga masu zana jarrabawa a ƙashin kansu. Ɗalibin da ya gama sakandare a Gwiwa ko Roni zai zauna gaban kwamfuta iri ɗaya da wadda ɗan Legas zai zauna gabanta, a ba su lokaci ɗaya, a yi musu tambayoyi daga silabus ɗaya. Wurin da ya kamata ya fara sabawa da neman ilimi ta wannan hanya shi ne laburaren makarantarsu. Sai dai da zarar an ambaci intanet, amsar da ake samu daga masu kula da laburare ba ta wuce uku: babu wuta, babu sabis, babu kuɗin data.

Duk ukun gaskiya ne, amma ba su rufe ƙofa ba. Mafi amfanin abin da ke intanet ga makarantar karkara shi ne wanda ake saukewa sau ɗaya, a ajiye a kwamfuta, a ci gaba da karantawa ko da layin waya ya ɗauke mako guda. Kuma yankin Gwiwa da Roni yana da inda za a je a sauke. A Kazaure akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, akwai cibiyar koyar da kwamfuta ta jiha da aka fi sani da Informatics, a Babura kuma gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a 2021. Shugaban makaranta zai iya neman alfarma a rubuce, mai kula da laburare ya je da filas ko babban ma'ajin kwamfuta sau ɗaya a zangon karatu, ya dawo da abin da zai wadaci ɗalibai watanni.

Abin farko da ya cancanci shiga ma'ajin shi ne Kiwix. Manhaja ce ta kyauta da aka fara a 2007 domin wuraren da intanet ba ta isa ba. Tana matse shafi sukutum cikin fayil guda, sai mutum ya buɗe ya bincika kamar yana kan layi. Ta haka ake samun Wikipedia ta Turanci, wadda da hotunanta take wuce gigabait 100, da ta Hausa wadda ba ta da nauyi sosai, da littattafan Project Gutenberg, taskar da aka kafa tun 1971 mai ɗauke da tsofaffin littattafai sama da dubu 70 waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare. In makaranta tana da kwamfutoci da yawa, ɗaya ce za ta riƙe fayilolin, sauran su karanta daga gare ta ta hanyar waya-fai na cikin ɗaki, ba tare da an sayi data ba.

Kolibri ma haka take aiki, amma ita ta fi karkata ga darasi. Ƙungiyar Learning Equality ce ta ƙirƙire ta, tana kuma tattaro bidiyo da atisaye daga wurare irin su Khan Academy. Malami yana iya buɗe wa kowane ɗalibi suna, ya ba aji aiki, ya ga wanda ya yi da wanda ya maƙale. Ga malaman kimiyya kuwa akwai PhET, wadda Carl Wieman, masanin fiziks da ya ci kyautar Nobel, ya assasa a Jami'ar Colorado ta Amurka a 2002. Gwaje-gwaje ne na kwaikwayo: ɗalibi ya haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan allo, ya ƙara ƙarfin wuta ya ga abin da zai faru. Ba za ta maye gurbin ɗakin gwaji ba, amma inda kayan gwaji suka yi ƙaranci tana sa ɗalibi ya ga abin da da haddarsa kawai yake yi.

Sai ɓangaren jarrabawa, inda hankalin 'yan aji shida ya fi tafiya. WAEC tana da shafin koyo da take sanya tsofaffin tambayoyi tare da sharhin manyan masu duba takardu, inda suke bayyana wurin da ɗalibai suka yi rauni a kowace tambaya da amsar da ake so. Wannan ya fi littattafan tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda wani lokaci amsoshinsu kan zo da kuskure. JAMB ma tana sanya silabus na kowane darasi da kundin da ke nuna darussan da kowane kwas yake buƙata. Ɗalibai da dama sun rasa gurbi ba don sun faɗi ba, sai don sun haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗin da suka nema ba. Shafi biyu da aka buga aka liƙa a allon sanarwa na laburare sun isa su hana wannan asara. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, mai darussa da aka tsara bisa tsarin karatun ƙasar nan.

Kada a manta da 'yan aji ɗaya da suka shigo karatunsu bai nuna ba. African Storybook daga Afirka ta Kudu da StoryWeaver daga Indiya suna da gajerun labarai masu hotuna, har da na Hausa, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wato an yarda a sauke, a buga, a raba. Wannan izini yana da muhimmanci, domin littattafan da ake yawo da su a zaurukan WhatsApp galibi an kwafe su ne ba da yardar masu su ba, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2023, ta shafi makaranta kamar yadda ta shafi ɗan kasuwa.

Tara fayiloli ba shi ne aikin ba. Littattafan OpenStax na Jami'ar Rice kyauta ne kuma masu inganci, amma yawancinsu na matakin jami'a ne, sun fi dacewa da malami mai shirya darasi. Na Siyavula na lissafi da kimiyya an rubuta akasarinsu ne bisa tsarin Afirka ta Kudu, don haka sai an zauna da malamin darasi an ware babin da ya yi daidai da namu. Wikipedia kuwa kowa na iya gyara ta, saboda haka a koya wa ɗalibi ya duba majiyar da aka kafa hujja da ita, kada ya kwafe ya miƙa. A nan ne ƙwarewar mai kula da laburare take fitowa: ya zaɓa, ya jera bisa aji da darasi da zango, ya rubuta jerin abin da ke akwai ya ba kowane malami. Manyan laburare suna amfani da manhajar Koha wajen lissafin littattafai da aro. Ƙaramin laburare zai iya farawa da jadawali mai sauƙi a kwamfuta.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta ɗaya mai lafiya, ƙaramin sola, na'urar buga takarda, da murfin da zai kare su daga ƙurar hunturu. A ajiye kwafi na biyu na ma'ajin a ofishin shugaban makaranta, domin filas da ke yawo hannu-hannu shi ke kawo cutar kwamfuta. Tunda galibin makarantun kwana ba sa barin ɗalibai su riƙe waya, laburare ne kaɗai ƙofar da suke da ita.

Abin da ya rage yana hannun shugabannin makarantu da Ma'aikatar Ilimi ta jiha a Dutse: a sanya wa kowane aji lokacin laburare a jadawalin mako, a daina ɗora wa mai kula da shi darussan da za su sa ɗakin ya wuni a kulle, a kuma tura shi horo. In babu wannan, ma'ajin zai cika da ilimi, amma ɗalibin Gwiwa zai fara taɓa kwamfuta ne ranar jarrabawa.